Tsamiya: Tarihin Ɗan Ƙwaron da Ya Tufatar da Sarakuna

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci kalmar tsamiya a gaban ɗalibin Hausa na yau, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne itaciyar nan mai duhuwa wadda ake jiƙa 'ya'yanta a dama kunu, ko kuwa ya tuna da camfin nan da ke cewa gindinta matattarar iskoki ce. Kaɗan ne daga cikin ɗalibanmu za su tuna cewa kalmar tana da ma'ana ta biyu, wato wani zare mai launin ƙasa-ƙasa wanda kakanninmu suka daɗe suna yi wa manyan riguna aiki da shi, har ma akan saƙa riga sukutum da shi a kira ta rigar tsamiya. A cikin waɗanda suka san zaren ma, da yawa suna zaton daga jikin itaciyar ake sassaɓo shi, kamar yadda ake samun igiya daga rama ko kuka. Alhali kuwa wani ɗan ƙwaro ne na daji yake saƙa shi a lokacin da yake tsutsa, kuma itaciyar ta ara wa zaren sunanta ne kawai saboda tana cikin itatuwan da tsutsar ke kiwo a kansu.

Manufar wannan maƙala ita ce mu bi sawun wannan ƙwaro tun daga kan ganye har zuwa wuyan rigar basarake. Za mu dubi yadda yake rayuwa, da yadda Hausawa da maƙwabtansu suka mayar da gidansa dukiya, da yadda Turawa suka yi sha'awarsa, sannan mu tsaya a kan ƙasar Abuja, inda dajin da ire-irensa ke rayuwa a ciki yake ja da baya a gaban idonmu.

2.0 Sunansa da Danginsa

Bahaushe ya raba ƙwari masu fukafukai masu gari-gari gida biyu. Akwai malam-buɗe-littafi, mai yawo da rana a kan furanni, wanda idan ya sauka yakan riƙa buɗe fukafukansa yana rufewa kamar mai duba shafi. Akwai kuma faɗa-wuta, mai fitowa da dare, wanda kan kewaya fitila har ya halaka. Ƙwaron da muke magana a kansa yana cikin rukuni na biyu. Ba shi da girma, domin idan ya ware fukafukansa bai fi santimita 5 ba ko ɗan abin da ya ɗara haka. Launinsa fari ne mai ɗan ratsin madara, da layuka masu duhu a kan fukafukan, jikinsa kuma a lulluɓe yake da gashi mai laushi. Wanda ya gan shi a maƙale a bango da safe ba zai ba shi wani muhimmanci ba.

Masana kimiyyar ƙwari suna kiran wannan zuri'a da suna Anaphe, sunan da wani Baturen Ingila, Francis Walker, ya raɗa mata a shekarar 1855. Zuri'ar ta Afirka ce, kuma a Nijeriya an fi sanin iri uku. Na farko shi ne Anaphe panda, wanda tsofaffin littattafai ke kira Anaphe infracta, mai cin ganyen itatuwa dangin kirni. Na biyu shi ne Anaphe venata na kurmin ƙasar Yarabawa, mai kiwo a kan doguwar itaciyar nan da Yarabawa ke kira arere, 'yan katako kuma suke kira obeche. Na uku, wanda ya fi kusa da mu, shi ne Anaphe moloneyi, wanda daga baya aka mayar da shi cikin zuri'ar Epanaphe, kuma yana cikin masu cin ganyen doka.

Kafin a zo da waɗannan sunaye na Latin, masu sana'ar tsamiya a ƙasar Hausa suna da tasu hanyar rarrabewa, wato ta duban itaciyar da aka ciro gidan tsutsar daga kanta. Shi ya sa ake jin tsamiyar tsamiya, ake kuma jin tsamiyar doka. Tsamiyar doka ta fi haske, tana kusa da fari, sauran kuwa sukan ɗauki launin ƙasa, daga mai haske zuwa mai duhu. Wannan rabe-rabe ya nuna mana cewa mutanen da suka yi shi sun lura da dangantakar da ke tsakanin ƙwaron da abincinsa, sun kuma san cewa ingancin zare yana farawa ne tun daga ganye.

3.0 Rayuwarsa a Kan Itace

Rayuwar wannan ƙwaro tana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da damina. Idan ruwa ya sauka itatuwa suka yi sabon ganye, sai faɗa-wutan ya fito daga gidan da ya kwashe rani a ciki. Kwanakinsa a wannan siffa ƙalilan ne, kuma ba ya cin komai, domin bakinsa bai ginu don ci ba. Aikinsa ɗaya ne, wato barbara da ajiye ƙwai. Macen takan zuba ƙwai ɗaruruwa wuri guda a bayan ganye, ta kuma rufe su da gashin da ta karkaɗo daga ƙarshen cikinta, wanda ke kare su daga maƙiya. Daga nan nata ya ƙare.

Tsutsotsin da suka ƙyanƙyashe ba sa rabuwa. Tare suke kiwo, galibi da dare, da rana kuma su taru a jikin itaciyar su yi cincirindo wuri guda. Suna da gashi mai sa ƙaiƙayi irin na gizaka, kuma taruwarsu tana ƙara wa wannan makami ƙarfi, domin tsuntsun da zai iya tsinke guda ɗaya yakan yi shakkar kai baki cikin dandazo. A nan sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Idan za su tashi daga wani reshe zuwa wani, ko daga wata itaciya zuwa wata, sukan jeru ne ɗaya na bin ɗaya, kan wannan a gindin waccan, kamar ayarin fatake, kowace tana shimfiɗa siririn zare a inda ta bi. Suna da 'yan'uwa a Turai masu irin wannan hali, waɗanda ke kiwo a kan itatuwa masu ganye kamar allura. A ƙarshen ƙarni na 19 wani masani Bafaranshe, Jean-Henri Fabre, ya jera irin waɗancan a kan bakin tukunyar shuka har ta gaba ta haɗu da ta baya, sai suka yi ta kewaya bakin tukunyar har kwana bakwai, kowace tana bin wadda ke gabanta.

Tsutsar takan yi watanni tana ci tana girma, tana saɓa fata kamar maciji duk sa'ad da tsohuwar ta matse ta. Idan ta ƙoshi, wajen ƙarshen damina, sai ayarin ya zaɓi wuri a jikin itace ko a tsakanin rassa, a fara aikin da ya sa muke wannan rubutu. Zaren yana fitowa ne daga bakin tsutsar a matsayin ruwa mai yauƙi, yana shan iska sai ya daskare, kuma a lulluɓe yake da wani danƙo da ke manne silin da ɗan'uwansa. A wajen Anaphe panda, jama'ar tsutsotsin sukan fara saƙa babbar jaka guda mai ruɓi-ruɓi, kamar ƙaramin burgami, sannan kowace ta shiga ciki ta saƙa nata ɗakin. Tsamiyar doka kuwa ba ta yin wannan babbar jaka, sai dai ɗakunan su manne wa juna su zama dunƙule guda. Gida ɗaya yana iya ɗaukar tsutsotsi daga gomiya zuwa ɗaruruwa.

A cikin ɗakin ne tsutsar ke ƙamewa ta zama kamar ƙwallon dabino, ba ci ba motsi, ta wuce hunturu da bazara a haka. Ba duka ke kai labari ba. Akwai ƙananan zanzaro da wasu ƙudaje da ke zuba ƙwansu a jikin tsutsar, 'ya'yansu su cinye ta daga ciki, ga tsuntsaye da tururuwa, ga kuma gobarar daji da ke tashi a daidai lokacin da mai gidan ba ya iya gudu. Wanda ya tsira shi ne zai huda ɗakin ya fito da fukafukai idan damina ta kewayo.

4.0 Daga Daji Zuwa Mazari

Ba a kiwon wannan tsutsa a gida, saboda haka tsinto gidajenta ake yi. Mafarauta da makiyaya da manoman da ke bakin daji su ne kan ciro su, su tara, su kai kasuwa, daga nan 'yan koli da fatake su yi gaba da su zuwa garuruwan masaƙa. Ɗanyen gidan tsamiya ba abin sha'awa ba ne a ido, kuma ba a taɓa shi da garaje, domin cike yake da gashin ƙaiƙayi da saɓar tsutsotsin da busassun ganye. Aikin farko shi ne a dafa shi a cikin ruwan toka na tsawon sa'o'i, har danƙon nan ya narke silin ya saki. Sai a wanke, a shanya, a tsettsefe da yatsu ana fitar da datti, har ya koma kamar audugar da aka shiɓe. Daga nan mata su ɗauka su kaɗa da mazari, suna shafa alli a yatsu kamar yadda suke yi wa auduga.

A nan ne babban bambanci yake tsakanin tsamiya da siliki na ƙasar Sin. Tsutsar Sin, wadda aka yi shekaru dubbai ana kiwonta da ganyen itacen tut, ita kaɗai take saƙa ɗakinta da sili guda mai tsawon ɗaruruwan mitoci. Domin a warware wannan sili ba tare da ya tsinke ba, dole a kashe abin da ke ciki da tururi kafin ya huda ɗakin. Zaren tsamiya kuwa a cukurkuɗe yake tun asali, tun da baki da yawa ne suka saƙa shi, don haka ba ya warwaruwa, sai dai a kaɗa shi. Wannan ne ya hana shi santsi da ƙyallin silikin Sin, amma kuma shi ne ya sa ba a bukatar kashe mai gidan. Wanda ya yi haƙuri har faɗa-wutan ya fice, zai sami zarensa, ya kuma bar irin da zai saƙa masa na baɗi. Wanda ya yi gaggawa ya kwashe gidajen da masu su a ciki, ya ci ribar bana ya kashe ta gaba. Wannan ƙa'ida ce da za mu sake komawa kanta.

Zaren da aka kaɗa yana da ƙarfi ƙwarai, yana da ɗan kaushi, yana kuma da wani haske a ɓoye wanda kan ƙara fitowa idan riga ta sha wanki da bugu. Galibi ba a kai shi marina, akan bar shi da launinsa na halitta. Saboda ƙarancinsa, masaƙa sukan haɗa shi da auduga, ko su sa shi a matsayin ratsi. Inda ya fi fitowa fili shi ne wajen aikin allura. Sanannen abu ne cewa a biranen Kano da Zariya da Katsina malamai da almajirai da yawa sun riƙi ɗinkin hannu a matsayin sana'ar da ke ciyar da su a tsakanin darasi da darasi, kuma da zaren tsamiya suke fitar da aska biyu da aska takwas a kan aljihu, da tambari a baya, da dagi da gida biyar. Riga guda tana iya cin watanni a hannun maɗinki.

5.0 Tsamiya a Kasuwa da Fada

Bayan jihadin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya jagoranta daga 1804, ƙasashen Hausa da Nupe da Ilori da Bauchi da Adamawa sun shiga ƙarƙashin tuta guda, kuma wannan ya buɗe wa sana'ar tufafi fage mai faɗi. Auduga daga Zazzau, saƙa daga Nupe, rini da bugu a Kano, duk sai suka zama gaɓoɓin ciniki ɗaya. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya tarar tufafi su ne ƙashin bayan arzikin birnin, ana kai su har Tambutu da Tarabulus, ya kuma yaba da rigunan Nupe da ya gani a kasuwa.

A wannan zamani zare mai daraja iri biyu ne ke gogayya a hannun masaƙa da maɗinka. Akwai alharini, wanda sunansa ya fito daga kalmar Larabci ta siliki. Shi ragowar masaƙun Turai ne, musamman na Italiya da Faransa, wanda ake rinawa ja mai ruwan hoda, a ɗoro wa raƙuma daga Tarabulus ta Gadamas da Gat har Kano. Da shi ake ratsin barage, da shi kuma ake yi wa manyan riguna shafi. Akwai kuma tsamiya, wadda ba ta ƙetare hamada ba, daga dajin gida aka tsinto ta. Abin lura shi ne baƙon bai kori ɗan gida ba. An ajiye wa kowanne matsayinsa, ja mai ɗaukar ido a gefe guda, launin ƙasa mai natsuwa a ɗaya gefen. Haka abin yake a wajen Yarabawa, waɗanda har yau tufafinsu na girma guda uku ne: sanyan, wato tsamiya, da alaari, wanda sunansa daga alharini yake, da etu, mai zanen zabo irin saƙinmu.

Riga a wancan zamani ta wuce abin rufe jiki. Da ita sarki ke naɗa hakimi, da ita ake karrama malami ko baƙo, ana aika ta gaisuwa daga wannan fada zuwa waccan, ana kuma lissafa ta cikin gado. Daɗin daɗawa, malamanmu sun san hukuncin da ya hana maza sa tufafin siliki zalla, tare da rangwamen da aka yi na abin da bai wuce faɗin yatsu huɗu ba. Saboda haka batun yawan silikin da ke jikin rigar namiji, da inda aka sa shi, ba ƙaramin abu ba ne a daular da malamai suka kafa.

Ba mu kaɗai muka san wannan zare ba. Dogon na ƙasar Mali da Marka na Burkina Faso suna saƙa zannuwan mata masu daraja da irinsa. A tsibirin Madagaska akwai wani silikin daji da ake yi wa manya likkafani da shi, a Indiya kuma silikin daji sana'a ce da ke ciyar da ƙauyuka masu yawa har yau.

6.0 Zuwan Turawa da Faɗuwar Kasuwa

Sunan moloneyi da tsamiyar doka ke ɗauke da shi yana da nasa tarihi. Alfred Moloney shi ne Gwamnan Legas daga 1886 zuwa 1891, mutum ne kuma mai sha'awar itatuwa da ƙwari, wanda ya wallafa littafi a kan dazuzzukan Afirka ta Yamma a 1887. A wannan shekarar ce Herbert Druce ya bayyana ƙwaron ga masanan Turai ya kuma sa masa sunan Gwamnan. Ta haka ƙwaron da matan ƙasar nan suka daɗe suna kaɗa zarensa ya shiga littattafan duniya da sunan baƙo.

A farkon ƙarni na 20 Turawa sun ɗauka sun sami sabuwar hajja. An aika samfurin gidajen tsamiya daga Nijeriya da Uganda zuwa Landan domin a gwada su, Jamusawa kuma suka yi yunƙurin kafa cinikinsa a yankin Tafkin Biktoriya kafin yaƙin 1914. Abin bai yi nisa ba. Tsutsar ba ta saba da gida ba, yawan abin da ake samu yana hawa yana sauka daga shekara zuwa shekara, gashin ƙaiƙayi yana wahalar da ma'aikata, sannan kuma masana'antu suka fito da zaren roba mai ƙyalli da araha. Duk da haka masana ba su daina waiwayarsa ba. F. D. Golding ya yi rubutu a kan tsutsotsin silikin daji na Nijeriya a 1942, J. C. Ene ya yi nasa a kan saƙar siliki ta gargajiya a 1964, David Heathcote na Jami'ar Ahmadu Bello ya kammala digirinsa na uku a kan ɗinkin tufafin Hausa a 1979, Laurence Douny kuma ta yi nazarin rigunan Hausa masu aikin tsamiya a 2011.

Likitoci ma sun sami abin cewa. A ƙasar Ijesha ana cin tsutsar Anaphe venata a lokacin damina, kuma an daɗe ana ganin wata cuta ta karkarwa da tangaɗi tana ɓulla a daidai wannan lokaci. A 1993 Dakta Bola Adamolekun ya danganta cutar da cin tsutsar, a shekarar 2000 kuma aka tabbatar cewa jikinta yana ɗauke da wani sinadari mai lalata bitamin B1, wanda zafin girki ba ya kashe shi da sauƙi.

A gida kuwa, abin da ya karya kasuwar tsamiya a bayyane yake. Masaƙar zamani ta Kaduna ta fara aiki a 1957, yadi ya yi araha, kaɗi ya fara fita daga hannun mata. Shadda ta shigo daga Turai ta hau kan saƙi, keken ɗinki mai yin aiki ya gama a yini guda abin da allura ke yi a wata uku, zaren kanti mai launi iri-iri ya cika kasuwa. Har ta kai ana rina auduga da launin tsamiya a sayar wa wanda bai san bambanci ba. Masu kaɗa ta gaskiya da masu ɗinki da ita ba su ƙare ba, amma sun yi ƙaranci, kuma akasarinsu sun manyanta.

7.0 Abuja: Daji Ya Koma Birni

Ƙasar Abuja tana tsakiyar yankin da daji bai kai kurmi duhu ba, bai kuma kai na Arewa sarari ba. Itatuwanta su ne maje da ɗorawa da kaɗanya da kirya da kirni da tsamiya, doka kuma tana ƙara yawa idan aka nufi arewa ta hanyar Kaduna. Duk wanda ya bi wannan hanya a ƙarshen rani ya ga yadda sabon ganyen doka ke fitowa ja yana sheƙi tun ruwa bai sauka ba. Ke nan itatuwan da ƙwaronmu ke dogaro da su 'yan asalin wannan ƙasa ne, kamar yadda Gwari da Koro da Gade da Gwandara da Bassa suke.

Tsohuwar Abuja ta samo sunanta ne daga Abu Ja, ƙanen Muhammadu Makau, Sarkin Zazzau na Haɓe wanda jihadi ya fitar daga Zariya. Bayan rasuwar Makau a 1825, Abu Ja ya gaje shi, ya kafa garin a 1828. Masarautar ta zauna a tsakanin Zazzau da Nupe da kogin Binuwai, wato a tsakanin manyan cibiyoyin saƙa da ɗinki na wancan zamani. A ranar 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar da ta yanke ƙasa mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,000 domin sabon babban birni, tsohon garin ya bar wa sabon sunansa ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. A ranar 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta taso daga Legas. Ƙidayar 2006 ta sami mutum sama da miliyan 1.4 a yankin, kuma tun daga lokacin Kubwa da Lugbe da Gwagwalada da Kuje da Bwari ba su daina faɗaɗa ba.

Abubuwa uku ne wannan bunƙasa ta jawo wa ƙananan ƙwarin daji irin namu. Na farko shi ne sarewar itatuwa, domin fili da katako da itacen girki, ga kuma buhunan gawayi da ke jere a bakin hanyoyin Kaduna da Lakwaja da Keffi. Tsutsar da ba ta cin kowane ganye, idan aka sare itaciyarta an rufe mata rumbu. Na biyu shi ne ƙunar daji ta kowane rani, wadda ke riskar ƙwaron yana ƙame a ɗakinsa. Na uku shi ne hasken lantarki. Wani bincike da aka wallafa a 2024, wanda aka yi da kyamarori masu saurin ɗauka, ya nuna cewa ƙwarin dare suna juya bayansu ne ga inda haske ya fi yawa, domin a duniyar da ba fitila sama ce ta fi ƙasa haske, da haka suke gane sama da ƙasa. Idan suka gamu da fitila sai wannan ɗabi'a ta sa su yi ta kewaya ta har su gaji. Ashe faɗa-wuta ba son wutar yake yi ba, ruɗewa yake yi. Ga halittar da kwanakinta na haihuwa ba su da yawa, dare guda da ta ɓata a gindin fitilar titi babbar asara ce.

8.0 Kammalawa

Abin da ya rage mana bai fi ƙarfinmu ba. Doka itaciya ce mai taurin rai, idan aka sare ta takan sake tofo daga saiwa, muddin aka kare ta daga wuta da gatari na 'yan shekaru. Tsarin Abuja na asali ya ware duwatsu da bakin rafuka a matsayin wuraren da ba za a gina ba, kuma idan za a yi dashe a irin waɗannan wurare, doka da tsamiya da kirni sun fi cancanta da gurbin fiye da baƙin itatuwan ado. A ƙasar Kenya, cibiyar nazarin ƙwari ta ICIPE da ke Nairobi ta yi aiki da manoman da ke kewaye da dajin Kakamega a kan Anaphe panda, inda aka gwada rufe rassan da tsutsotsin ke kai da raga domin kare su daga maƙiya, aka ga waɗanda ke kai wa ga saƙa sun ƙaru. Idan aka haɗa wannan da ƙa'idar da muka ambata, ta barin ƙwaron ya fice kafin a ciro gidansa, manomi zai iya samun kuɗi daga itaciya tana tsaye, ba sai ya mayar da ita gawayi ba.

Mu kuma da ke sashen Hausa muna da namu rabon aikin. Kowace sana'a tana tafe da kalmominta, kuma idan ta mutu da su take tafiya. Sunayen ire-iren tsamiya, da na matakan dafa ta da tsefe ta, da na kowane salon allura, suna nan a bakin tsofaffin mata masu kaɗi da maɗinkan Zariya da Kano da Bida da Suleja. Ɗalibin da ke neman batun kundin kammala digiri zai iya ɗaukar littafi da rikoda ya zauna da su tun suna da rai, ya tambayi daga wane daji ake kawo musu kaya a da, da wane wata, da kuma hannun wa. Haka nan duk gidan da ke da tsohuwar rigar tsamiya a adaka, ya kamata a fito da ita a shanya, a nuna wa yara, a gaya musu sunan aikin da ke jikinta da sunan ƙwaron da ya saƙa zaren.